Alhaji Gahawa na Kwanyawa, sauke kaskon nan

Sabon Alhaji, labari ya iso mana Zariya cewa tun da ka dawo daga Makka maƙwabtanka ba su huta da hayaƙi ba. Wasu har sun fara ɗebo ruwa, sun zaci gobara ce, ashe wai gahawa kake soyawa. Jama'a na dawowa da dabino da zamzam, kai kuwa da yake Bakano ne, ka ji ɗanyarta ta fi soyayyiya araha, ka ciko jaka.

To matso in koya maka, kyauta, tunda na san ko na yanka kuɗi ba biya za ka yi ba.

Wutarka ce ta yi yawa. Ka tula icce, bayan ƙwayar ya ƙone ƙurmus, cikinta ɗanye shar. Shi ya sa kana kurɓa ɗaci da tsami suke yamutsa maka fuska, kana ta rantsuwa haka Larabawa ke sha. Ƙarya kake, ranka ya daɗe. Ta Saudiyya sama-sama ake soya ta, ruwanta ma fatsi-fatsi yake fitowa. Garwashi za ka samu, ka zuba 'yar kaɗan yadda kowace ƙwaya za ta taɓa kasko, ka yi ta juyawa minti 10 zuwa 15. Ba a ɗora ta a tafi majalisa gardamar siyasa.

Ka kuma buɗe kunne. Zafi na kaiwa wajen digiri 200 za ka ji tana ƙas-ƙas kamar gugguru, tururin cikinta ne ke fasa ta, nan ta fara nuna. In ka tsaya har ƙara ta biyu ta wuce, mai ya feso mata tana ƙyalli, sai dai ka sayar wa mai guga. Kana saukewa ka juye a faifai ka bakace, ƙaiƙayin ya tashi, ta huce, don in ta zauna a kasko ci gaba da ƙuna take. Ta kwana ɗaya ko biyu kafin a daka. Ban da turmin yaji, don girman Allah! An ce baƙon da ka shayar ranar Juma'a har yau atishawa yake.

Abin dariyar, malamar tana cikin gidanka. Shekara nawa Hajiya tana suyar gyaɗa, ka taɓa jin ƙauri? A Habasha, tushen gahawar, mata ne ke soya ta a gaban baƙi. Girman kai ne kawai ya hana ka miƙa mata cokalin.

In jakar ta ƙare kada ka jira wata kujerar Hajji, ana noma ta a Mambila, jihar Taraba. Ni dai makon gobe zan biyo ta Rogo in shigo. Ka ce wa Hajiya ta dama mini kunun tsamiya, kuɗin mota kuma yana wuyanka, bawana.