Kura Ta Shiga Idon Bature

Duk baƙon da ya sauka a filin jirgin Lawanti da jakar goyo da gorar ruwa a hannu, ya ce aikin agaji ya kawo shi don Allah, suna biyu gare shi. Akwai na cikin fasfo, akwai kuma wanda direba da maigadi da kuku za su raɗa masa kafin mako ya zagayo. Na farkon shi kaɗai ke amfani da abinsa. Na biyun kuwa har ya koma ƙasarsu ya yi jikoki da shi ake tuna shi, bai kuma taɓa jin sa ba. Abin ya samo asali. Hanns Vischer, wanda ya fara shigowa Arewa a matsayin ɗan mishan kafin ya koma harkar makarantun gwamnati, mutane ba su wahalar da harshensu ba, suka ce Ɗan Hausa, ga gidansa can a Kano har gobe da wannan sunan.

Na yi shekara shida ina tafinta a wata ƙungiyar agaji ta Kirista a nan Gombe, tun daga 2014 da rikicin Boko Haram ya koro mutanen Borno da Yobe da Adamawa suka cika mana gari. Ni Musulmi ne ɗan Jekadafari, direbanmu kuma ɗan Tangale ne daga Kaltungo, dattijon coci. Mu biyu ne kwamitin raɗin suna, ba rago ba goro. Baƙin 'yan sa kai ne, ba albashi suke ɗauka ba, wasu ma cocinsu ne ya yi musu karo-karon kuɗin jirgi. Da niyyar taimako suke zuwa, wannan ba na ja. Sai dai kafin ɗayansu ya taimaki mutum guda, sai gari ya yi wata uku yana rainonsa.

Wanda na fi so a cikinsu shi ne Malam Ƙamus. Wannan tun a gida ya fara koyon Hausa, ya zo da ƙamus ɗin Bargery na 1934, littafin da in ya faɗo wa yaro a ƙafa sai an nemi mai ɗori. Sauran Hausarsa daga tsohon juyin Littafi Mai Tsarki na 1932 ya kwaso ta, saboda haka ko gishiri yake so a miƙo masa sai ka ji kamar ana yi wa al'umma gargaɗi. Ya san kalmomin da kakata ma ta manta. Abu ɗaya ya gagare shi, haruffa masu lanƙwasa. Wata rana cikin hunturu muna kan hanyar Dukku, gilashi a buɗe, sai ya dafe fuska ya ce, "Malam, kura ta shiga idona." Direba ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka auna arziki, da a ce da yunwa ta zo da kan gaba ɗaya za ta tafi."

Bai daddara ba. A wani ƙauye ya roƙe ni in zauna, yau shi zai yi jawabi da kansa. Ya miƙe gaban jauro da dattawa ya yi ta zuba kusan awa guda, rana tana dukan mutane, mota na tsaye da buhunan masara. Da zai rufe ya sa hannu a ƙirji ya ce, "Mu baki ne a garinku." Jauro ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Mun lura, ɗana. Tun hantsi bakin muke ji. Saura buhunan." Ranar da Hausar tasa ta nuna kuwa, ya durƙusa ya gaida wata tsohuwa tiryan-tiryan ba tuntuɓe, sai ta dube shi ta ce "jam," ta ci gaba da magana da Fulatanci. Na ga hawaye a idonsa, wannan karon babu kura.

Sarkin Agogo yawanci daga Jamus ko Holan yake fitowa. A takardarsa an rubuta ƙarfe tara ganawa da mai unguwa, tara da minti goma fara rabo. Ba wanda ya gaya masa gaisuwa ma aiki ce. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, ya shanu, ya muka ji da haƙuri, sannan a sake zagayowa daga farko don wani dattijo ya shigo. Zai matso kunnena ya ce, "Me suka yanke?" In ce, "Ba a fara ba tukuna." Makon Gombe ma ya rikita shi: Juma'a rabin ma'aikata suna masallaci, Lahadi ɗaya rabin suna coci, ranar kasuwar ƙauye kuwa ko kaza ba za ka tarar a gida ba. Amma ƙasa tana da haƙuri. Bayan wata huɗu da kunnena na ji shi a waya yana cewa, "Bayan la'asar, in Allah ya yarda," agogon kuma yana aljihu, batirinsa ya mutu tuntuni bai lura ba.

Mai Jakar Magani shi ya karanta tarihi fiye da kima. Ya san cewa samari uku da suka kafa mishan ɗin SIM sun sauka Legas a 1893, a 1894 ciwo ya kashe biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, saura Rowland Bingham. Tun daga nan ya ɗauki kowane sauro a matsayin wanda ya zo ƙarasa aikin kakanninsa. Ruwan leda sai ya tace, ayaba sai ya wanke ta kafin ya ɓare. Irinsa ne kuma za ka kama da dare wajen mai tsire a Tashar Dukku, yana cewa a ƙara yaji.

Akwai kishiyarsa, Ɗan Gari. Kwana uku da zuwa ya ɗinka babbar riga, ya kafa hula zanna, ya fara cin goro yana yamutsa fuska a ɓoye. Ba ya shiga motar ofis, sai acaɓa, rigar tana kaɗawa kamar tutar makaranta. Alfaharinsa ciniki. Ya je Tudun Hatsi ya yi rabin awa yana "albarka" da "rage mini" kan kwanon wake, ya dawo yana washe baki wai ya karya farashi. Na tambayi nawa ya biya, na yi shiru. Ninki biyu ne, amma mai waken ya ba shi gyara ya kuma kira shi Alhaji, kowa ya rabu da kowa cikin farin ciki, ni wane ne da zan shiga tsakani?

Mai Hoto ne kaɗai muka taɓa yin sa'insa da shi. A fahimce shi: can gida masu ba da sadaka ba sa buɗe jaka sai sun ga fuska, shi kuma an aiko shi ya kawo fuskar. Matsalar ita ce irin fuskar da yake nema ba a cika samun ta a nan ba. Yawancin waɗanda suka gudo Gombe daga Gwoza da Damboa da Buni Yadi ba a sansani suka zauna ba, gidajen 'yan'uwa da na mutanen da ba su taɓa sani ba suka shiga, ɗaki ɗaya mutum goma. Mun je wani gida a Tumfure, ya ga wata mata tana wanke-wanke da tsohon zane, yara kewaye da ita, ya ce in roƙar masa izini. Ta ce a ba ta minti biyar. Ta shiga ɗaki, ta fito da atamfa ɗaya tilo da ta tsira da ita, ta kashe ɗauri, ta sa kwalli, ta shafa wa yaran mai har suna ƙyalli, suka jeru suna murmushi. Ya sauke kyamara ya ce, "Ka ce mata ta koma yadda take ɗazu." Ban fassara ba. Na ce masa, "Matar nan gidanta aka ƙona, ba mutuncinta ba. In za ka ɗauka ka ɗauka." Ya ɗauka yana ƙunƙuni. Daga baya ya turo mini hoton a bangon mujallar cocinsu, ya ce ba su taɓa tara gudummawa kamar ta wannan watan ba. Ban san ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake yi ba, na dai kai wa matar kwafi ɗaya, ta duba ta ce ɗaurin ya karkace.

Sai Mai Bishara, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai wanda aka gaya wa Arewacin Nijeriya duhu ne, shi kuma ya zo da fitila. Dokar ƙungiya ta hana haɗa rabon kaya da wa'azi, buhu na kowa ne, da mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, to sai ya riƙa huce haushinsa ran Lahadi. Direbanmu ya kai shi cocinsu a Kaltungo, bai gaya masa cewa tun 1917 John Hall da Gordon Beacham suka kafa mishan a garin ba, ko cewa ekklisiyarsu ta ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, lokacin kakan yaron yana ɗan makaranta. Aka ba shi minti goma ya gaida jama'a. Ya fara ba su labarin Basamariyen nan mai tausayi dalla-dalla, kamar mai koya wa kifi iyo, ya ce a Matta yake. Daga layin 'yan Zumuntar Mata wata tsohuwa da ko tabarau ba ta sa ba ta ɗaga murya: "Luka, ɗana. Sura goma." Bayan an tashi ita ce ta ja shi gida ta cika shi da tuwo. Ibadar da ya saba yi awa ɗaya a ƙasarsu ranar ta kai huɗu, da tukwanen kiɗa da rawa da baiko kashi-kashi. A mota da muna dawowa ya ce da direba, "Baba, me zan koya wa mutanen nan?" Direba ya ce, "Kwamfuta."

Yana da ƙanwa a hali, Baiwar Allah Yi Haƙuri, wadda ke tsoron kada ta ɓata wa Musulmi rai har numfashi ma sai ta nemi afuwa. Da azumi a bayan gida take ɓuya ta sha ruwa. Da na ba mahaifiyata labari ta yi salati ta ce, "Yarinyar mutane za ta mutu a garinmu saboda kunya?" Daga ranar kullum da magariba sai an aika mata ƙosai da kunun tsamiya, ita da ba ta yi azumin ba. Da Kirsimeti ta rama da wani burodi mai tauri da ta ce na gargajiyarsu ne. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, muka ba awaki, su ma suka sunsuna suka wuce.

Kada a ɗauka duk farare ne. An taɓa turo mana wani ɗan Kenya, baƙi kamar ni, ya sha zagi wajen masu Keke Napep don ana yi masa Hausa yana amsawa da Turanci, an ɗauka girman kai ne. Ɗan Koriya kuwa shekara guda yana bayani, yara ba su fasa kiransa ɗan Caina ba, suna tambayarsa ko ya iya faɗa. Wanda ya fi ban tausayi shi ne ɗan Billiri da aka haifa a Amurka, ya dawo yi wa mutanensa hidima. Kafin sati biyu 'yan'uwa arba'in sun bayyana, kowa ya goya ubansa, kowa kuma da takardar kuɗin makaranta a aljihu.

Ta ƙarshe ba mu yi wahalar neman suna ba, Kaka kowa ke ce mata. Tsohuwar nas ce da ta yi shekaru a asibitocin mishan kafin ta yi ritaya ta dawo. Ba ta ɗaukar hoto, ba ta jawabi, Hausarta ta kasuwa ce mai karyayyen nahawu, amma in ta zauna kan tabarma tana auna hannun yaro da ɗan tef ɗin nan mai ja da rawaya da kore, uwar yaron kan gaya mata abin da ba ta gaya wa mijinta ba. Ita ce kaɗai ta san muna raɗa suna, har shawara takan ba mu.

Ranar da za ta tafi ta ba ni wani littafin rubutu in ajiye wa wadda za ta gaje ta. Ban yi niyyar buɗewa ba, shi ya buɗe kansa a hannuna. Ashe wasiyya ce da baƙin ke bar wa juna, hannu daban-daban, shekara da shekaru: inda ake samun man shanu mai kyau, lambar mai gyaran janareto, sai kuma shafi shida a kanmu. Direba suna kiransa Saura Kaɗan, don ko tafiyar awa uku ce ta rage haka yake cewa. Maigadi kuwa Idona Biyu. Na duba nawa, ga shi da babban baƙi: Malam Ba Matsala. A ƙasa wani ya rubuta cewa in ya faɗa sau ɗaya, da gaske babu. In ya faɗa sau biyu, a duba tayar mota. In ya faɗa sau uku yana murmushi, a kira babban ofis a Jos. Wani hannun kuma ya ƙara da jan biro cewa in ka yi maganar minti biyar ya fassara da kalma uku, kada ka damu, ya cece ka ne.

Kaka ta leƙo daga mota ta ce, "Malam, akwai matsala?"

Na rufe littafin. Na buɗe baki, na kuma rufe.