Yadda Ake Cin Tallafin Noma a Ingila

Masu shuka alayyafo da tumatir a bayan gida a unguwar Cheetham Hill ta Ingila suna yawan tambaya ko su ma suna da rabo a tallafin noman da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa. Ba su da shi. Amma gara a yi musu bayani, kada wani ya zaci rashin adalci ne.

Lokacin da ƙasar ke cikin Tarayyar Turai, kusan fam biliyan 3 ake raba wa manomanta duk shekara. Hukumar da ke biya ba ruwanta da kantar hannu ko yawan gumi, hekta take ƙirgawa. A Ingila sai mai hekta 5 zuwa sama ake saurara. Cikakken filin lambu irin wanda ƙaramar hukuma ke ba da haya murabba'in mita 250 ne, ke nan mutumin Cheetham Hill guda 200 kacal yake buƙata. In ya shiga layin jira yau, jikoki sa ci gaba da bibiya.

Alhamdu lillahi, kuɗin sun isa ga mabuƙata. Binciken da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2016 ya nuna gonar Sandringham ta marigayiya Sarauniya Elizabeth ta karɓi sama da fam dubu 500 a shekara guda. Gonar Juddmonte ta marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya ta samu sama da fam dubu 400. Dawakin sukuwa ake kiwo a can, to amma doki ciyawa yake ci, ciyawa kuwa daga ƙasa take tsirowa. Kamfanin noma na James Dyson, mai ƙera na'urar zuƙe ƙura, ya taɓa karɓar fam miliyan 1.6. Duk da haka bawan Allahn nan ya goyi bayan ficewa daga Tarayyar, saboda abin duniya bai dame shi ba.

Bayan ficewar an yi gyara. Daga 2021 aka fara zaftare tsohon tallafin da niyyar binne shi a 2027, a koma biyan manomi ladan kula da ƙasa da shinge da tsuntsaye. Daga 2024 kuma aka rage wa jama'a wahala: ragowar kuɗin ana lissafa su ne da abin da mutum ya karɓa tsakanin 2020 da 2022, ko da ya sayar da gonar ya jingine garma. Saboda haka hanya mafi sauƙi ga mai sha'awa ita ce ya gaji 'yan dubban hekta a Norfolk kafin 2020. Babban sabon shirin kuwa an rufe karɓar takardunsa kwatsam a watan Maris na 2025, don an ce kason ya ƙare.

Mutanenmu ba sa buƙatar tafinta a nan. Akinwumi Adesina, yana ministan noma na Najeriya, ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai takin gwamnati ke isa hannunsu. Sauran buhunan kan yi ɓatan kai su tsinci kansu a kasuwa. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 bashi ne, wasu suka fahimce shi a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, a 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto. A Ingila dai ana wallafa sunan mai karɓa da adadin kuɗinsa a intanet, don maƙwabta su gani su ce Allah ya sanya alheri.