Dangin da Rediyo ke Haifa

Ba mata kaɗai ke haihuwa a ƙasar nan ba, rediyo ma tana yi. A sanar da naɗin mutum kwamishina a labaran dare, kafin a kira assalatu zaurensa ya cika da baffanni da goggonni da taubasai masu bin bashin kuɗin shara na shekara da shekaru. Jiya da ya fita neman rancen kuɗin haya, maraya ne.

Kowa da salsalarsa a baki. "Ranka ya daɗe, ai kakanka na wajen uwa da kakana tare suka yi fataucin goro zuwa Gwanja. A Salaga jakin kakanka ya gurgunce, kakana ya ara masa nasa. To, ina bare a nan?" Jakin dai ya daɗe da zama ƙasa, amma yanzu bashinsa ya taso, kuma da kwangilar kwalbati ake so a biya.

Gwanar sana'ar ita ce tsohuwar nan da babu unguwar da ba ta da irinta. Ba ta tuna inda ta ajiye carbinta ɗazu, amma ta haddace wa ya sha nonon wa tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Wance ta haifi wane, wane ya auri ƙanwar kishiyar wance, tana ƙullawa tana taunar goro har ta dire ka a Daura, bakin rijiyar Kusugu. Nan kuma gardama ta ƙare, don wanda aka kai shi Bayajidda ya zama ɗan'uwan kowa, har da mai gadinsa.

Abin haushin shi ne akwai dangin gaske a warwatse. Bayan yaƙin Burmi, a wannan 1903 ɗin, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas, jikokinsu na nan a Mai Wurno, gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan. Zangon Kumasi ma cike yake da jinin Kano da Katsina. Amma bari ɗayansu ya yi sallama da ƙunshin kaya a ka, ya ce yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ne ya koro shi. Nan take tsufa zai kama Iya. "Wane Attahiru kuma? Yaro, kunnena ba ya ji sosai. Maigidan ma ya yi tafiya."

Ran da aka sauke kwamishina, ba wanda ya yanke zumunci, Allah ya kiyaye. An ce a ƙafa yake, ƙafar ce kawai ta karkata zuwa ƙofar magajinsa, wanda aka gano da daddare cewa shi ma kakansa ya je Gwanja.

Saboda haka, ya kai wanda za a naɗa gaba, ko wane ne kai, ina shaida maka tun kafin layi ya yi tsawo: kakarka da kakata kishiyoyi ne, turmi ɗaya suka yi daka. A ajiye mini kujerar Makka.