Dawakin Napoliyon a Birnin Tudu

Ɗan ƙanena da ke karatu a Ingila shi ya ja mini. Ya zo hutu, maimakon agogo ko turare irin tsarabar 'ya'yan mutane, sai ya miƙo mini wani tsohon gwangwanin biskit mai nauyin tsiya. Ina buɗewa sai ga mahaya dawaki na dalma, kowanne bai kai babban yatsana ba, fentinsu duk ya kankare. Wai a hannun 'yan gwanjon can ya tsinto su.

"Baffa, tunda ka yi ritaya ga abin yi. Tsofaffin Turawa da fentin waɗannan suke cinye lokacin sanyi."

Na ce mu da kunu da bargo muke cinye namu. Amma hannu ya riga ya karɓa.

Da na sa tabarau na duba, sai tsohon malamin tarihi ya motsa. Barade ne na Napoliyon, masu sulken ƙarfe a ƙirji da kwalkwali mai jelar doki. A 1804 mutumin ya ɗora wa kansa kambin sarauta a Faris, shekarar da jama'ar Shehu suka kara da 'yan lifidan Gobir a Tabkin Kwatto. Ashe sa'o'in juna ne. Nan take na ji sun shiga raina.

Ranar Talata na tafi kasuwar Mafara neman fenti. Mai shago ya ce, "Ƙofa ce ko taga, Malam?" Na ce doki ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi ko lafiya dokin yake. Ɗan ƙanen nawa ya gaya mini rigar sojan Faransa shuɗiya ce, to shuɗi ya ƙare, sai ja da kore, na mai, irin na ƙofar gida. Na saya. In dogaran Sarkin Burmin Bakura sun sa ja da kore sun yi kwarjini, wane ne Bafaranshe da zai raina? Buroshin da ya fi ƙanƙanta a shagon kuwa ya fi dokin faɗi, don haka a gida na fige gashin zabuwar uwargida na ɗaura a tsinke.

Wanda bai taɓa zana gashin baki a fuskar da ba ta kai ƙwayar dawa ba, da sanyin safiya, hannu na karkarwa, bai san jarrabawa ba. Na nufi leɓe, na samu kunne. Na gyara kunne, ido ya tafi. Ga hazo: kana gama shafawa ƙura ta sauka ta manne. Dokin da na yi niyyar akawal sai ya fito gunya, kili ma gunya, har mahayan suka zama gunya. Na koma ɗaka na rufe ƙofa da taga, warin fenti da kananzir ya sa na fara ganin kowane doki biyu-biyu.

Rufe ƙofar nan shi ya tayar da magana. Uwargida ta leƙo ta ga na jera su sahu-sahu a kan tabarma ina ƙus-ƙus, alhali lissafinsu nake yi.

"Malam, wai mi kaka yi da 'yan gumakan ga? Bayan tsufa?"

Na yi mata bayanin yaƙin Watalu na 1815 tun daga tushe, ta saurara, ta ce ita dai zabuwarta take jin tausayi. Kafin Juma'a labari ya zaga unguwa. Maƙwabcina ya zo takanas ya yi mini nasiha a zaure, cikin ladabi, yana kallon ƙasa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wata tsohuwa da ta aiko jikanta da goro, wai a taimaka mata da laƙanin kishiyar 'yarta.

Duk wannan na jure. Fentin ne ya ƙi bushewa. Ka taɓa doki, ya biyo yatsanka. Sai hikima ta zo mini: na jera rundunar gaba ɗaya a murfin langa, na ɗora bisa kaskon garwashin da muke jin ɗumi, don su ɗan sha zafi kafin in dawo daga sallar isha. Liman bai ja ba. Mai shayi ne ya ja, shi da musun farashin taki da 'yan noman rani suka ɓarke da shi.

Da na dawo babu doki babu mahayi. Wani ɗan tabki na tarar yana sheƙi a murfin langa, ja da kore na yawo a kai, takobi ɗaya tak ya ɗago yana neman agaji. Sanyin Rasha ya cinye wa Napoliyon dawaki a 1812, abin da ya rage kaskon Zamfara ya ƙarasa. Uwargida ta leƙa, ta ce, "Alhamdu lillahi," sannan ta ce in biya ta murfin langa.

Yaron ya kira a WhatsApp yana son hoto. Na nuna masa. Ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya faɗi abin da masu tara irinsu ke biya a can in an bar su da tsohon fentinsu. Na ce layin ba ya da kyau. Har gobe ina nan kan bakana: wanda ya ƙera soja da abin da ba ya jure wuta shi ke da laifi.

Dalmar ba ta yi asara ba. Wani masunci da muke sallah tare ya roƙe ta, ya yanka ƙanana ya ɗaura a bakin komarsa, ya kawo mini tarwaɗa biyu tukwici. Rundunar Napoliyon yanzu tana madatsar Bakolori tana kamun kifi.