Ma'aikacin da Aka Manta

A teburin mai shayi a Unguwar Dosa gardama ta kaure: kuɗin tikitin da 'yan Keke Napep ke biya kullum, ina yake shiga? Wani ya ce ai ga gadar Kawo nan, wadda Buhari ya buɗe a 2022. Wani ya ce to a yanko masa rabonsa, ya kai layinsu.

Ni dai ramin layinmu nake tausaya wa. Shi ma haraji yake karɓa, ba dare ba rana, ba hutun Sallah. Bakanike ne ma'ajinsa. Amma ko rigar aiki ba a ɗinka masa ba.

Daminar bana har reshe ya buɗe a ƙofar masallaci.