Masu Zuwa Lakwal don Dole

Duk mushen da ya taɓa riƙe alli a Damagaram ya san ɗan Ba-Ruwa. Ƙarfe tara yake isowa, fuska fes, ya ce tun asuba yana layin famfo. Wa zai ƙaryata shi a Zinder, garin da ƙishirwa ta yi wa suna? Sai dai ko ranar da famfo ya kwana yana zuba, shi unguwarsu ba a kawo ba.

Can bencin ƙarshe akwai Sarkin Shayi. Ya raba dare a fada yana fifita gawayi, ya sha na farko, ya sha na biyu, ya jira na uku. Ya ƙware da barci ido buɗe, biro a hannu kamar yana rubutu.

Ni wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Wi-Mushe. Ba ya hayaniya, ba ya makara, kai kawai yake gyaɗawa. "Kun gane?" "Wi, mushe!" Ka ce masa Sarki Amadu Kuran Daga ya kara da Faransawa a Tirmini a 1899, ya gyaɗa. Ka ce sai a 1926 aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai, ya gyaɗa. Ranar jarrabawa ka tambaya wane ne Kuran Daga, ya rubuta maka da kyakkyawan hannu: sunan lise ne.

Sai ɗan Alhaji na kasuwar Dole. A allo, biyar sau ashirin gagara-badau ce. Amma ce masa sefa ɗari, kafin ka rufe baki ya ce dala ashirin. Ya juya naira zuwa sefa da ka, ya cire ribarsa, ya gaya maka yadda canji ya kwana a Magarya. Idan ka matsa masa da lissafin boko sai ya dube ka, ya dubi tsohon babur ɗinka a gindin bedi, ya yi shiru. Shirun nan ya fi zagi ciwo, don kai ma ka san ranar da albashi ke ƙarewa.

Ɗan yajin karatu kuwa kunnensa na waje. Bai san ranar dikte ba, amma ya san ranar da ƙungiyar 'yan makaranta ta USN za ta kira taro. Da an busa usur shi ne farkon fita, yana neman a ƙaro malamai da bencina, shi da ko sunan malamin lissafinsu bai sani ba.

'Yar lalle ba ta da rigima. Ranar Litinin take zuwa da hannu a zane, ta ce biro zai ɓata mata ado, a bari sai ya kama. Kafin ya kama, wani bikin ya taso a Birni.