Mas'alar Lasisin Kalangu da Kura

Masana sun daɗe suna saɓani kan takardar da ta wajaba a kan wanda ya buɗe fage a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ko a bakin tashar Birnin Kudu. Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon yi wa keke, baro, amalanke da kwalekwale lasisi, amma ya yi gum game da kalangu. Daga nan malaman fannin suka ciro hukunci cewa kalangu ba shi da laifi, sai fa in a baro aka ɗauko shi.

Mas'alar gardi ta fi zurfi. Kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma sa ido kan dabbobin da ake ajiyewa don sha'awa, kowane iri. Shin kura tana ciki? Wata mazhaba ta ce tana ciki, tunda ga takunkumi, ga sarƙa, kuma a gidan gardi take kwana. Wata ta ce a'a, don ba a taɓa jin wanda ya yi sha'awarta ba. Abin da zai raba gardama shi ne mai yankan rasit ya matsa kusa ya duba da idonsa, shi ya sa binciken bai kammala ba har yau.

A Landan, tun 2003, makaɗin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ya ci jarrabawa kafin a ba shi izini. Mu nan gaban Sarkin Kasuwa ake zana ta: a durƙusa, "ranka ya daɗe", ɗan goro. Izinin yana warwarewa da kiran sallah ko ɓullowar 'yan Hisba.

Ɗan kallo ne ma ke cikin haɗari. Dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadar wa mai liƙin naira ɗaurin aƙalla wata 6, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Ke nan marowacin da maroƙi ke yi wa zambo mutum ne mai bin doka, ba a dai fahimce shi ba ne.

Saura duwatsun kiɗa na Birnin Kudu, waɗanda mutanen dā suka doka har suka yi gurbi, ba tare da sun bar rasit ko ɗaya ba. Ra'ayi mafi rinjaye shi ne bashin yana nan, kuma Jigawa ta gaje shi daga Kano a 1991.